Fred Perry, Ɗan Ma'aikacin Masaƙa Da Ya Zama Zakaran Duniya

Duk yaron da ya tashi a Damba, ko Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, ya san auduga. Ya ga yadda ake shuka ta da damina, ya ga yadda take fashewa fari fat da kaka, wataƙila ma ya taɓa taya iyayensa ɗiba. A zamanin mulkin Turawa, yawancin audugar ƙasar nan ba a nan take ƙarewa ba. Wani kamfani na Ingila da ake kira B.C.G.A. yana da injin gurza a Gusau. In an gurje ta, sai a ɗaure dila-dila, jirgin ƙasa ya ɗauka ya bi ta Zariya har Ikko, watau Legas. Daga can jirgin ruwa ya ƙetare teku da ita zuwa Ingila, a kai ta garuruwan masaƙa da ke kewaye da birnin Manchester.

Ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa shi ne Stockport. A can aka haifi mutumin da wannan labari ke magana a kansa, ran 18 ga watan Mayu, 1909. Sunansa Frederick John Perry, amma duniya ta san shi da Fred Perry.

Asalinsa

A ƙasar Hausa mata ke kaɗi da mazari a cikin gida. A Stockport kuwa manyan injuna ke yin kaɗin, mutane suna tsaye a kansu tun da asuba har yamma, cikin zafi da ƙura da ƙara. Uban Fred, wanda ake kira Samuel Perry, wannan aiki ya tashi da shi. Yana da shekara 10 ubansa ya rasu, tilas ya bar makaranta ya shiga masaƙa don a sami abin da za a ci. Amma bai bar karatu ba. Ya shiga ƙungiyar ma'aikata da ta gama kai, ya yi ta aiki da gaskiya har aka naɗa shi sakataren jam'iyyar gama kai ta ƙasar duka. Daga baya ma aka zaɓe shi wakili a Majalisar Dokokin Ingila sau biyu, a 1923 da 1929.

Wannan aiki na sakatare shi ya sa iyalin suka tashi daga arewacin Ingila suka koma Landan, wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Suka zauna a wata unguwa da ake kira Brentham, a yammacin birnin. Fred yana ɗan makaranta a lokacin. Unguwar tana da filin wasanni na jama'a, inda ɗan kowa yake iya shiga ya yi wasa. Wannan fili ya yi wa yaron rana ƙwarai.

Ƙwallon tebur

Wasan da ya fara shiga ransa shi ne ƙwallon tebur. Ba shi da malami, ba shi kuma da abokin wasa kullum. Saboda haka sai ya riƙa tura teburin gidansu ya haɗa shi da bango, ya buga ƙwallo, bango ya dawo masa da shi, ya sake bugawa. Haka zai yi ta yi da dare har mutanen gida su gaji da jin ƙarar. Bango ba ya gajiya, ba ya kuma kuskure, don haka duk wanda ya daɗe yana karawa da shi dole idonsa ya yi kaifi, hannunsa ya yi sauri.

A farkon shekarar 1929 aka yi gasar ƙwallon tebur ta duniya a birnin Budapest, a ƙasar Hangari. Mutanen Hangari su ne gwanayen wannan wasa a wancan zamani, ga shi kuma a gidansu ake yi. Fred ya je, ya yi ta ka da su ɗaya bayan ɗaya, har ya ci wasan ƙarshe. Ya zama zakaran duniya yana da shekara 19. Wani da ya sami wannan sai ya zauna a kai yana cin suna. Shi kuwa bai daɗe ba ya ajiye ƙwallon tebur, domin zuciyarsa ta riga ta koma kan wani wasa da ya fi shi girma, watau tanis.

Yadda ake wasan tanis

Ana yin tanis a fili mai tsawon ƙafa 78. In mutum biyu ne ke karawa, faɗinsa ƙafa 27 ne. A tsakiya ana ɗaura raga daga wannan gefe zuwa wancan, tsayinta a tsakiya ƙafa 3. Kowane ɗan wasa yana riƙe da abin bugu mai kama da rariya, mai dogon mariƙi, wanda ake kira raket. Wannan ya bugo ƙwallo ta bisa raga, wancan ya mayar masa tun bai taɓa ƙasa sau biyu ba. Wanda ya kasa mayarwa, ko ya buga a raga, ko ya fitar da shi bayan layi, an ci shi ke nan.

Kamar yadda 'yan dambe ke yin turmi-turmi, haka ma 'yan tanis. A kowane turmi akwai ƙananan wasanni, wanda ya riga cin shida, ya kuma ba abokin karawarsa ratar biyu, shi ya ci turmin. A manyan gasa na maza, wanda ya riga cin turmi uku shi ya yi nasara. In an haɗu da gwanaye biyu, sai a yi turmi biyar cur, a shafe awa uku ko fiye ana gudu. Manyan gasannin tanis na duniya huɗu ne: ta Ostareliya, da ta Faransa, da ta Amurka, da ta Wimbledon a Landan. Ta Wimbledon ita ce babbarsu a shekaru, gama tun 1877 aka fara ta, a kan ciyawa kuma ake yin ta.

A da, a ƙasar Hausa, kowane wasa da masu shi. Dambe na mahauta ne, kilisa da sukuwa na 'ya'yan sarakuna. To, haka abin yake a Ingila a zamanin Fred. Ƙwallon ƙafa na talakawa ne, tanis kuwa na masu hali, waɗanda suka yi makarantu masu tsada, suke da kuɗin shiga kulob. Akwai kuma wata doka mai ƙarfi, cewa duk mai shiga manyan gasa kada ya karɓi kuɗi saboda wasa. Wannan doka ba ta damun ɗan mai arziki, amma ɗan talaka fa, da me zai ci abinci?

Yadda ya koyi tanis

Fred da kansa ya ba da labarin yadda sha'awar tanis ta kama shi. Yana saurayi iyayensa suka tafi da shi hutu wani gari na bakin teku da ake kira Eastbourne. Yana yawo sai ya iske inda ake gasar tanis. Ya ga mutane sanye da fararen tufafi suna wasa, ga manyan motoci an jera a waje. Ya tambayi ubansa ko na su wane ne, aka gaya masa na 'yan wasan ne da masu kallo. Tun daga ran nan ya ƙudura a ransa shi ma sai ya shiga cikinsu.

Da ya gama makaranta ya kama aikin akawu a wani kamfanin shayi na 'yan gama kai. In ya tashi daga aiki sai ya wuce fili. Ubansa ya ga da gaske yake yi, sai ya yarda ya bar aikin, ya ɗauki nauyinsa na shekara guda, don a ga ko abin zai yiwu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya san zafin neman kuɗi tun yana yaro. Fred ya san cewa in ya yi wasa da wannan dama, ba zai sake samun irinta ba.

Ya zo da wata dabara daga ƙwallon tebur. Yawancin 'yan tanis na lokacin sukan jira ƙwallo ya taɓa ƙasa, ya tashi, ya fara saukowa, sa'an nan su buga. Fred kuwa so yake ya tare shi tun yana tasowa, a guje, don ya koma wa abokin karawa tun bai shirya ba. Bugun nan yana da wuya ƙwarai. Ya yi watanni yana gwadawa, ƙwallo yana ta fita bayan layi, yara waɗanda ba su kai shi ba suna cin shi, ana yi masa dariya. Bai fasa ba. Rannan sai hannunsa ya gane abin, daga nan kuwa wannan bugu ya zama makaminsa da duk duniya ke tsoro.

Ya kuma lura cewa sau da yawa a turmi na biyar ba gwaninta ke ba da nasara ba, ƙarfin jiki ne. Saboda haka ya tafi wurin 'yan ƙwallon ƙafa na kulob ɗin Arsenal, ya riƙa motsa jiki tare da su, yana gudu yana hawa da sauka a matakalan filinsu. Ba ya shan giya. In ana wasa kuma ba ya yarda abokin karawa ya ga alamar gajiya a fuskarsa.

Kofin Davis

Akwai wata gasa da ƙasashe ke yi tsakaninsu, ana kiranta Kofin Davis, da sunan Ba'amurken da ya ba da kofin a 1900. A zamanin Fred, kowace ƙasa takan zaɓi gwanayenta, a yi wasa biyar cikin kwana uku, ƙasar da ta ci uku ita ta yi nasara. Rabon Ingila da wannan kofi tun 1912. Daga 1927 kuwa Faransa ta riƙe shi gam, shekara shida ba wanda ya iya ƙwacewa. A 1931 aka fara sa Fred cikin 'yan wasan Ingila. Suka kai har wasan ƙarshe a birnin Faris, amma Faransa ta ci su uku da biyu.

A watan Yuli na 1933 suka sake komawa Faris, bayan sun ka da Ostareliya da Amurka. Ran farko abokinsa Bunny Austin ya ci nasa wasan. Fred ya kara da Henri Cochet, ɗaya daga cikin manyan gwanayen Faransa. Suka yi turmi biyar cikin zafin rana, Fred ya ci, amma da ya shiga ɗakin canja tufafi sai ya faɗi sumamme don gajiya. Kashegari aka bar shi ya huta, Faransa ta ci wasan 'yan biyu-biyu. Rana ta uku Cochet ya ka da Austin. Aka zama biyu da biyu. Saura wasa ɗaya tak, kuma a wuyan Fred ya rataya.

Wanda zai kara da shi wani saurayi ne, André Merlin. Filin ya cika maƙil da Faransawa, duk suna ihu suna zuga nasu. Merlin ya ci turmin farko. A turmi na biyu ma saura kaɗan ya ci. Da Fred ya karaya a nan, da shi ke nan, an koma gida hannu wofi. Sai ya natsu, ya daina kula da ihun mutane, ya ƙwato turmin da kyar, takwas da shida. Daga nan ya ci na uku da na huɗu. Bayan shekara 21, kofi ya koma Ingila.

Murnar jama'a

Labari ya riga su isa gida ta waya da rediyo. Da suka ƙetare teku suka sauka ƙasar Ingila, sai ga saƙon barka daga Sarki George na Biyar. Da jirgin ƙasa ya shigo da su tashar Victoria a Landan, suka tarar dubban mutane sun cika tashar har waje, ana tafi ana ihu. Aka ɗauki 'yan wasan a kafaɗa, ana ta ɗaga kofin sama don kowa ya gani. Yawancin mutanen nan ba su taɓa riƙe raket ba, ba su kuma da kuɗin shiga kulob. Leburori ne, da akawuna, da 'yan kasuwa, da 'yan makaranta.

Me ya fito da su haka? A waɗannan shekaru duniya tana cikin matsin tattalin arziki. An rufe masana'antu da yawa a Ingila, har da masaƙu, mutane miliyoyi ba su da aikin yi. Mutum in yana cikin ƙunci, ɗan abin farin ciki ma babba ne a wurinsa. Ban da haka kuma, wanda ya ciwo musu kofin ɗan shekara 24 ne, ɗan gida irin nasu. Kowane uba a cikin taron nan yana iya duban ɗansa ya ce a ransa, ashe ƙofar ba a kulle take ba.

Zakaran Wimbledon

Daga nan sai nasara ta yi ta bin nasara. A watan Satumba na 1933 ya ci gasar Amurka a birnin New York, inda ya ka da Jack Crawford na Ostareliya, wanda a lokacin shi ake ganin ya fi kowa. A farkon 1934 ya bi Crawford har ƙasarsu ya sake cin shi. A zamanin nan a jirgin ruwa ake irin wannan tafiya, sai an yi makonni a kan teku. Saura Wimbledon, wadda rabon da namiji ɗan ƙasar ya ci ta tun 1909, shekarar da aka haifi Fred.

A watan Yuli na 1934 ya kai wasan ƙarshe, ya sake haɗuwa da Crawford. Ya ci turmin farko shida da uku, na biyu shida da babu, na uku bakwai da biyar. Don murna ya yi alkafura a tsakiyar fili, ya tsallake raga ya je ya gaisa da abokin karawarsa. Kashegari wata 'yar Ingila, Dorothy Round, ta ci gasar mata. Ƙasa ta ɗauka da murna, jaridu suka cika da hotunansu.

Amma a ran nan wani abu ya faru da Fred bai manta da shi ba har ya mutu. Al'adar kulob ɗin Wimbledon ce, duk wanda ya ci gasar a karɓe shi ya zama ɗan kulob, a miƙa masa wani ƙyalle na ɗaurawa a wuya, alamar girmamawa. Fred ya ba da labari cewa yana cikin wanka bayan wasan, sai ya ji wani babba na kulob ɗin ya shigo yana gaya wa Crawford wai yau wanda ya fi cancanta shi ne bai ci ba. Da ya fito, sai ya tarar an rataye masa ƙyallen a bayan kujera, ba wanda ya tsaya ya miƙa masa, balle ya yi masa barka. Jama'a suna waje suna kiran sunansa, manya kuwa suna ciki suna duban asalinsa.

Gaskiya ita ce, shi ma Fred yana da nasa hali. Yana da kaifin baki, ba ya ɓoye cewa ya zo ne don ya ci, wani lokaci ma yakan yi wa abokin karawa ba'a a fili. Manyan tanis na Ingila kuwa sun fi son mai kunya da kawaici. Da ya sassauta harshensa, da ya rage wa kansa maƙiya. Duk da haka, kaifin baki ba dalili ba ne na tauye wa mutum haƙƙin da ya samu da guminsa.

Bai tsaya jayayya da su ba, ya bar raket ya ba su amsa. A 1935 ya ci gasar Faransa, wadda ake yi a kan jar ƙasa, ya zama mutum na farko a duniya da ya taɓa cin manyan gasannin nan huɗu duka. Ya sake cin Wimbledon a 1935, ya kuma ci a 1936, sau uku ke nan a jere. Duka biyun Gottfried von Cramm na Jamus ya ka da. Ya taimaki ƙasarsa ta riƙe Kofin Davis shekara huɗu, daga 1933 zuwa 1936. In aka haɗa manyan gasannin da ya ci shi kaɗai, takwas ne: Wimbledon uku, Amurka uku, Ostareliya ɗaya, Faransa ɗaya.

Tafiyarsa Amurka

Suna ya cika duniya, amma suna ba ya cika tukunya. Saboda dokar nan ta hana karɓar kuɗi, duk waɗannan nasarori ba su tara masa abin kirki ba, alhali kuwa masu shirya gasa suna samun kuɗi da yawa daga masu zuwa kallonsa. A ƙarshen 1936, yana da shekara 27, ya yanke shawara ya mai da tanis sana'a. Ya tafi Amurka, ya riƙa zagaya birane yana karawa da wani gwani nasu, Ellsworth Vines, ana biya a shiga kallo, ana ba su rabonsu.

Manyan tanis na Ingila suka yi fushi. Aka cire shi daga kulob ɗin Wimbledon, aka hana shi shiga gasarsu. Shi kuma ya zauna a Amurka har ya zama ɗan ƙasar, ya yi musu aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1941 ya faɗi a filin wasa ya karye a gwiwar hannu, daga nan ƙarfin bugunsa bai koma kamar da ba.

Bai zauna yana kukan abin da ya wuce ba. Ya koyar da tanis, ya kuma shiga ciniki. A 1952 shi da wani abokinsa suka fito da wata farar taguwa ta wasa, ta auduga, mai ɗan tambarin ganye a ƙirji, suka sa mata sunansa. Taguwar ta karɓu, har yanzu kuwa ana sayar da tufafi masu sunan Fred Perry a ƙasashe da yawa. Ɗan mai tsaron injin kaɗi ya koma ga auduga ta wata hanya. Ya kuma yi shekaru masu yawa yana zuwa Wimbledon kowace shekara, yana ba masu sauraron rediyon BBC bayanin wasa.

Ƙarshensa

Sannu a hankali zamani ya juya. A 1968 aka soke dokar nan, aka yarda masu sana'ar tanis su shiga manyan gasa, a kuma biya wanda ya ci. Abin da aka hukunta Fred a kansa ya zama abin da kowa ke yi. A 1984, shekara 50 bayan nasararsa ta farko, kulob ɗin Wimbledon ya kafa mutum-mutuminsa a harabar filin, yana riƙe da raket. An yi bikin yana da rai, ya zo ya gani da idonsa, yana da shekara 75. Wurin da aka taɓa rataye masa kyauta a bayan kujera, nan ne aka tsaya ana girmama shi a gaban jama'a.

A farkon 1995 ya tafi birnin Melbourne na Ostareliya kallon gasa. Ya zame ya faɗi a masaukinsa, ya karye a haƙarƙari, aka kai shi asibiti. A can ya mutu ran 2 ga watan Fabrairu, 1995, yana da shekara 85.

Har ya mutu ba a sami wani namiji ɗan Birtaniya da ya sake cin Wimbledon ba. Kowace shekara in wani saurayi ya taso, sai jama'a su ɗora masa rai, jaridu su yi ta kwatanta shi da Fred, sa'an nan a ka da shi, a koma jira. Sai a 2013 Andy Murray ya ci, bayan shekara 77. Ran nan ma mutane suka yi murna irin wadda kakanninsu suka yi a tashar Victoria, aka kuma yi ta ambaton sunan Fred Perry.

Abin lura

Mutanen da suka ɗauki Fred a kafaɗa rana ɗaya suka yi suna tafi, suka koma gidajensu. Ba su ga daren da ya yi yana karawa da bango ba, ba su ga watannin da ake yi masa dariya ba, ba su ga gudun da ya sha a matakala ba. Amma waɗannan su suka haifi ranar murnar. Manyan da suka raina shi kuma, raininsu bai rage ko ɗaya daga cikin kofunan da ya ci ba, a ƙarshe ma su da kansu suka gyara kuskurensu. Hausawa sun ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Yaron da ke zaune a aji, ko ɗan manomi ne, ko ɗan mahauci, ko ɗan sarki, ba shi ya zaɓi gidan da aka haife shi ba. Amma himmar da zai sa a karatunsa da aikinsa, wannan tana hannunsa.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya audugar Gusau take isa Ingila a zamanin Turawa?
2. Wane aiki uban Fred Perry ya fara yi, me kuma ya zama daga baya?
3. Yaya Fred ya koyi ƙwallon tebur, alhali ba shi da malami?
4. Me ya sa dokar hana karɓar kuɗi ta fi damun ɗan talaka?
5. Ba da labarin wasan Fred da André Merlin da bakinka.
6. Don me jama'a suka cika tashar Victoria a 1933?
7. Wane hali na Fred ya kamata a yi koyi da shi, wanne kuma ya kamata a guje wa?